Ƙananan jiragen ƙasa masu tururi na lambu

Ƙananan jiragen ƙasa masu tururi na lambu kwaikwayon jiragen ƙasa ne da ake shimfiɗa wa layin dogo a farfajiyar gida. Abin da ya raba su da na wasan yara shi ne, wuta da ruwa ne ke tafiyar da su, ba lantarki ba. Kan jirgin yana da tukunya, galibi ta jan ƙarfe, wadda ake zuba wa tataccen ruwa a hura wuta ƙarƙashinta ko a cikinta, da iskar gas ta butane ko sifirit ko kwal. Idan ruwan ya tafasa, tururi ya tura fistin, ƙafafu su juya. Akwai bawul da ke sakin tururi in ya yi yawa, da man shafawa na musamman mai jure zafi. Ƙaramin kai mai gas yakan yi minti 20 zuwa 30 kafin a sake ɗura masa. Da sanyin safiya ana ganin farin tururi na fita daga bututu daidai da bugun fistin, wannan kuwa shi ne abin da masu sha'awar ke biyan kuɗinsu a kai.

Abu biyu sabon shiga kan cakuɗa: faɗin layi, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafa biyu, da ma'aunin jirgi, wato sau nawa aka rage girman na gaskiya. Faɗi biyu ne suka fi yawa, milimita 32 da milimita 45. A kan layi mai milimita 45 kaɗai ana tuƙa ma'aunai da dama. Akwai 1:32, wanda ake kira Gauge 1, na manyan jiragen babban layi. Kamfanin Märklin na Jamus ne ya tsara wannan faɗin a 1891. Akwai 1:22.5 da kamfanin LGB na Jamus ya fito da shi a 1968 don kwaikwayon layi mai faɗin mita ɗaya, sai 1:20.3 da aka fi so a Amurka don layi mai faɗin ƙafa uku. A Birtaniya kuwa ma'aunin milimita 16 ga kowace ƙafa ɗaya ta girman jirgin gaske, kusan 1:19, shi ya yi kaka-gida. A kan layi mai milimita 32 yana kwaikwayon siraran layuka masu faɗin ƙafa biyu, irin na Ffestiniog a yankin Wales. Ƙungiyar masu wannan ma'auni ta kafu a 1977, shekara 30 bayan ta masu Gauge 1.

A nan ne maganar kuɗi ta shigo, domin zaɓen ma'auni shi ke yanke yawan abin da za a kashe. Kan jirgin babban layi dogo ne, ƙafafunsa da yawa, yana buƙatar kwana mai faɗi, sau da yawa mita uku daga tsakiyar da'ira. Ke nan sai babban fili da layi mai tsawo. Irin waɗanda kamfanin Aster na Japan ya yi suna da su kan kai dubban fam na Ingila. Jirgin siririn layi kuwa gajere ne mai ƙiba: tukunyarsa na da girma daidai gwargwado, hannu na shiga ɗakin direba ba wahala, kuma wasu na iya shan kwana mai santimita 60 kacal. Kan jirgi mai ƙafa huɗu daga kamfanin Roundhouse na Doncaster a Ingila ko daga kamfanin Accucraft ana samunsa da ɗaruruwan fam. Ba ƙaramin adalci wannan ma'auni ya yi wa mai ƙaramin ƙarfi ba. Kamfanin Mamod na Ingila ma ya taka rawa daga wajen 1980 da ƙananan kawuna masu silinda mai lilo, marasa tsada, duk da cewa sarrafa gudunsu sai an yi haƙuri.

Ana ƙara rage kuɗi ta hanyar sayen kayan haɗi a harhaɗa da hannu, ko sayen na hannu, ko barin rimot a tuƙa da yatsa. Taragu kuma ana yin su da katako. Tunda ba lantarki ke bi ta layin ba, babu wayoyi, babu goge ƙarafa kullum. Sai dai dole a shimfiɗa layin a daidaitaccen wuri, ba hawa ba gangara, domin kan jirgi mai tururi yakan sheƙa a gangara ya cije a hawa. Wanda bai da fili yakan shiga ƙungiya ya yi amfani da layinta, a nan ne kuma ake gwada lafiyar tukunya, abin da bai kamata mai sayen tsohon kai ya yi wasa da shi ba.