Ƙauyukan cikin birni

Ƙauyen cikin birni shi ne unguwar da take cikin babban birni amma zamanta na ƙauye ne, wato tituna 'yan ƙanana masu lanƙwashe-lanƙwashe, gidaje gajeru, dandali guda ɗaya da kusan kowa sai ya ratsa ta cikinsa kafin ya isa gida, da mutanen da suka san juna har sun san yaron wane ne ya wuce. Kana sauka daga babban titi mai hayaniya ka shiga wani kwararo, ka yi taku kamar ɗari, sai ka ji ƙarar motoci ta ɗauke. Yawancin irin waɗannan unguwanni asalinsu ƙauyuka ne na gaske, da gonakinsu da rijiyoyinsu da maƙabartarsu, birni ne ya yi ta faɗaɗa har ya zo ya tarar da su ya zagaye su.

Yadda suke samuwa

Abin ya fi yawa a ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, lokacin da masana'antu da layin dogo suka riƙa kwaso mutane zuwa birane. A Faris ta Faransa a shekarar 1860 aka haɗe garuruwan gefe irin su Montmartre, Belleville, Passy, Auteuil da Charonne da birnin, gundumomi suka tashi daga 12 suka koma 20. Montmartre a kan tudu take, saboda haka manyan titunan da Haussmann, jami'in da ya sake fasalin Faris, ya riƙa fasawa a tsakiyar birnin ba su hau can ba, har yau akwai matakalai da 'yan hanyoyin dutse, akwai ma wata ƙaramar gonar inabi da aka dasa a 1933. Basalona ta Sifaniya ta haɗiye garin Gràcia a 1897, kuma duk wanda ya kalli taswira zai ga inda tsararrun titunan birnin masu kusurwa huɗu suka tsaya cak, matsattsun titunan Gràcia suka fara. Balin ta Jamus kuwa lokaci guda ta yi nata, a 1920 aka tattara garuruwa 7 da ƙauyuka 59 da wasu manyan gandaye 27 aka liƙa su da tsohon birnin. A cikinsa akwai Rixdorf inda 'yan gudun hijira daga Bohemiya, a ƙasar Czech ta yanzu, suka zauna tun 1737, tsohuwar maƙerar da ke tsakiyar dandalinta tana nan har yanzu.

Landan ita ce aka fi yi wa laƙabi da birnin ƙauyuka. Hampstead, Highgate, Dulwich, Wimbledon, Greenwich, duk da can garuruwa ne masu zaman kansu da sai an ratsa gonaki kafin a kai, jirgin ƙasa ne ya ɗinke su da birnin, har da na ƙarƙashin ƙasa da ya fara aiki a 1863.

Akwai kuma waɗanda tsira ce ta mayar da su haka. Yanaka a Tokiyo ta kuɓuta daga yawancin ɓarnar girgizar ƙasar 1923 da ta bama-baman 1945, aka sake gina sauran birnin da siminti ita kuma ta zauna da gidajen katako da wuraren ibada da 'yan shagunanta.

Na Sin da na Indiya

Waɗannan daban suke, kuma a ganina su ne suka fi cancantar sunan, don nan ba maganar kyan gani ake ba, maganar wurin kwana ce. A ƙasar Sin filin birni na gwamnati ne, filin ƙauye kuma na jama'ar ƙauyen ne a tare. To da Shenzhen ta fara bunƙasa bayan an mayar da ita yankin tattalin arziki na musamman a 1980, hukuma ta karɓi gonaki ta biya diyya amma ta bar wa manoma inda gidajensu suke, su kuma da suka ga ba gona ga baƙi na ta kwararowa suna neman ɗaki, sai suka rushe gidajen suka tayar da benaye masu hawa da yawa suka zuba haya, kowa yana cin iyakar filinsa har ta kai benayen sun matsu da juna, maƙwabci zai miƙo hannu ta taga ya gaisa da maƙwabcinsa, shi ya sa ake ce musu gidajen musabaha. Ƙasan kwararon ko da rana tsaka duhu-duhu ne, wayoyin lantarki sun sarƙe a sama, ruwan na'urar sanyaya ɗaki na ɗiga a kan masu wucewa. Amma nan ne leburori da masu aikin masana'anta da ɗaliban da suka gama karatu suke samun ɗakin da aljihunsu zai iya ɗauka, kusa da wurin aiki. Guangzhou ma tana da irinsu da yawa.

A Delhi tun 1908 Turawan mulkin mallaka suka ja jan layi a taswira suka ware mazaunin kowane ƙauye daga gonakinsa, ana ce masa lal dora, wato jan zare. Abin da ke cikin layin bai shiga ƙarƙashin yawancin dokokin gini na birni ba, da haka wurare irin su Hauz Khas da Shahpur Jat suka ci gaba da zama ƙauyuka alhali birnin ya wuce su da nisa.

Yadda ake gane su

Titi shi ne shaida ta farko. Hanyar da ƙafa da dabba suka fitar ba ta miƙewa, tana bin kwari ta kauce wa tudu ta zagaye iyakar gonar wani, hanyar da injiniya ya zana kuwa sambal take. A Niyok an tsara titunan Manhattan a 1811 layi-layi kamar dara, amma Greenwich Village ta riga ta yi nata titunan, aka bar mata abinta, sakamakon haka akwai inda titi na 4 ya gitta titi na 10, abin da lissafi bai yarda da shi ba.

Sai kuma suna. In ka ga sunan titi yana ambaton rijiya ko injin niƙa ko makiyaya ko rafi a wurin da babu ko ɗaya daga ciki, to da akwai shi, rafin ma sau da yawa yana nan a ƙarƙashin kwalta an rufe shi. Wurin ibada da ya girmi duk gidajen da ke kewaye da shi, tsohuwar maƙabarta, fili mai kusurwa uku inda hanyoyi suka haɗu, gida guda da ya juya wa titi baya don an gina shi kafin a yi titin, duk alamu ne.

Lunguna da saƙo

Ban da unguwa sukutum akwai ƙananan wurare da birni ya ɓoye a cikinsa. A Landan akwai layukan da ake kira mews, da can bargar dawaki ce da wurin ajiye keken doki a bayan gidajen masu kuɗi, barori na kwana a sama, yanzu kuwa an mayar da su gidaje masu tsadar gaske. Akwai cocin St Dunstan in the East da bam ya rusa a 1941, ba a sake gina shi ba, aka bar kangon aka shuka lambu a ciki, ganye ya bi tagogin da babu gilashi, ma'aikatan ofis na zuwa su zauna da rana. Liyon ta Faransa tana da traboules, hanyoyi ne da ke ratsa cikin gidaje daga wannan titi su ɓulla wancan, masu saƙar siliki sun yi amfani da su wajen ɗaukar kaya. Faris na da kwararo masu rufin gilashi irin Galerie Vivienne ta 1823. Bejin kuma hutong, layukan da ke tsakanin gidaje masu tsakar gida, waɗanda aka rushe da yawansu.

Irin waɗannan wurare a ƙafa ake ganinsu, mota ba ta da amfani. Mai son gani yakan samu tsohuwar taswira ya ɗora ta kan ta yanzu, ya fito da sassafe lokacin da masu shago ke buɗewa, ya riƙa ɗaga kai sama don ƙasan gini ana yawan canja shi amma saman yakan zauna yadda yake. Kuma ya tuna gidan mutane ne fa, ƙofa a buɗe ba izini ba ce.

Abin da ke cinye su

A da rusau ne babban abin tsoro. A Niyok marubuciya Jane Jacobs da maƙwabtanta sun yi ta fafatawa da shirin babbar hanyar da Robert Moses, jami'in tsara birnin, ya so ya ratsa kudancin Manhattan da ita, har an kama ta a 1968, daga baya aka watsar da shirin. Birtaniya ta yi dokar kare tsoffin unguwanni a 1967.

Amma doka gini take karewa, ba ta riƙe mai haya. A 1964 Ruth Glass, masaniyar zamantakewa, ta bayyana yadda masu hali ke shiga unguwannin talakawan Landan suna gyara gidaje har sai na asali sun tashi. Abin na da ciwo, don abin da ya sa unguwar ta yi daɗi tun farko shi ne tsohuwar da ke zaune bakin taga tana kallon layi da mai gyaran takalmin da ke ajiye wa maƙwabta makulli, kuma su ne na farko da kuɗin haya ke kora. Sai kuma 'yan yawon buɗe ido da hoton intanet ke jawowa. Mazauna wani ɗan gajeren titi mai gidaje kala-kala a Faris, Rue Crémieux, sun roƙi hukuma a 2019 ta sa musu ƙofa saboda masu ɗaukar hoto sun hana su sakat, a Bukchon ta birnin Seoul na Koriya ta Kudu kuma tun ƙarshen 2024 aka ƙayyade lokacin shigar baƙi wani sashe na unguwar, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 5 na yamma.