Waiwaye: Yadda Likitan Dabbobi Ya Zama Mai Shago a Katsina

Wanda ya zaga birnin Katsina ko Daura a yau ba zai rasa ganin shagunan da aka zana saniya da kaza a allonsu ba, ciki kuma ga kwalaben magani, ga buhunan abincin kaji, ga firiji a lungu. Mai irin wannan wuri, idan cikakken likitan dabbobi ne, ya kwashe shekara shida a jami'a yana koyon cututtuka da fiɗa, amma yawancin yininsa a kan littafin bashi da kuɗin haya da albashin yara yake ƙarewa, abubuwan da ba don su ya shiga makaranta ba.

Asalin aikin na hukuma ne. Bayan annobar bushiya, wata muguwar cutar shanu, da ta share shanun ƙasar nan wajen 1890, Turawan mulki sun kafa sashen kula da dabbobi a Zariya a 1914, suka mayar da shi Vom da ke kusa da Jos a 1924, inda aka riƙa haɗa magungunan rigakafi. Ba tausayin saniya kaɗai ya motsa su ba, domin jangali babbar kafa ce ta kuɗin shiga ga baitulmalin En'e, fatu da ƙiraga kuma kayan fitarwa waje ne. Malaman dabbobi na En'e su ne ke bin ruga-ruga da wuraren da ake tara shanu don allura, kuma a ganin makiyayi wannan hidima haƙƙinsa ce da ya riga ya biya da jangalinsa. Gangamin yaƙi da bushiya na JP15, wanda aka fara a 1962 tsakanin Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, ya ƙara kafa wannan fahimta, tunda kyauta ake yin allurar.

Da Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe tsangayar likitancin dabbobi a shekarun 1960, ɗalibanta na farko ma'aikatar gwamnati suka nufa kai tsaye. A can akwai akanta mai riƙe kuɗi, akwai mai kula da sito, akwai magatakarda mai ɗaukar ma'aikata, saboda haka likita bai taɓa buƙatar sanin nawa kwalbar magani ta tsaya ba.

Cikin shekaru kaɗan wannan tsari ya kwance. A 1979 gwamnatin Balarabe Musa ta jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta a lokacin, ta sanar da soke haraji da jangali. A 1983 bushiya ta sake ɓarkewa, a 1986 gwamnatin Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, magungunan da ake shigowa da su suka yi tsada, ɗaukar sababbin ma'aikata kuma ya ja baya. Jihar Katsina, da aka ƙirƙira a 1987, cikin wannan hali ta buɗe ido. Sannu a hankali sai mai dabba ya saba da a duba masa ita a asibitin gwamnati, a rubuta masa magani ya je kasuwa ya sayo, kuma daga wannan giɓi ne shagunan masu zaman kansu suka fito. Kiwon kajin gidan gona ya ƙara musu ƙarfi, musamman bayan hana shigo da daskararrun kaji a zamanin Obasanjo, da kuma murar tsuntsaye da aka tabbatar da ɓullarta a jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, wadda ta nuna wa masu gonaki cewa rashin likita yana iya cinye jari cikin mako guda.

Sai dai tsohuwar fahimta ba ta gushe ba, kuma a ganina ita ce ke juya wannan sana'a har yanzu. Mutum zai biya kuɗin allura da na maganin tsutsa ba tare da gardama ba, saboda abu ne da ya gani da idonsa, amma idan aka ce ya biya kuɗin dubawa, sai ya ga kamar an sayar masa da magana. Don haka likita yakan cusa ladan iliminsa cikin farashin magani, wanda hakan ke jefa shi gasa da mai baza magunguna a tabarma a kasuwar Mai'adua ko Charanchi, mutumin da ba ya biyan haya, ba ya kunna janareta don kada rigakafi ya lalace. Ga kuma bashi: mai kiwon ragunan layya sai bayan Babbar Sallah, mai kajin ƙwai sai sun fara saka, alhali dillalin magani na Kano ba ya jiran ko ɗaya daga cikinsu.

Batun ma'aikata ya fi wannan sarƙaƙiya. Akwai masu takardar difloma daga kwalejojin lafiyar dabbobi irin ta Vom, akwai 'yan bautar ƙasa da ke zuwa su tafi bayan shekara, amma ƙashin bayan yawancin shagunan shi ne yaron shago, wanda sau da yawa ɗan yaya ne ko ɗan maƙwabci, aka kawo shi ba yarjejeniya a rubuce, ba tsayayyen albashi. Irin wannan yaro ba ya koruwa cikin sauƙi ko da lissafi ya ƙi cika, domin maganar za ta koma gida ta zama ta zumunci. Idan kuwa ya ƙware da riƙe sirinji, bayan 'yan shekaru sai ya buɗe nasa wurin, mutanen unguwa su riƙa kiransa likita, ya tafi da wasu daga cikin masu sayen maigidansa. Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya, wadda dokar 1969 ta ƙarfafa, ita ke rajistar likitoci, amma idonta ba ya kaiwa kowane ƙauye. Wani abin da masu shaguna suka jima ba su lura da shi ba shi ne awaki da kajin cikin gida galibi na mata ne, kuma ma'aikaciya mace ce ke iya shiga inda namiji zai tsaya a zaure.

Matsalar tsaro ta zo ta ƙara nauyi. Satar shanu ta raba makiyaya da dama da dukiyarsu a yammacin jihar, a 2021 kuma gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, har da Jibiya da Charanchi da Mai'adua. Zuwa ruga ya zama abin da maigida ke auna wa sau biyu kafin ya tura yaro a kan babur, shawara ta koma ta waya, wadda ita ma ba a biyanta. A 2024 gwamnatin tarayya ta ƙirƙiri ma'aikata ta musamman don bunƙasa kiwo, kuma abin da masu asibitocin kuɗi ke jiran gani shi ne ko za a riƙa ba su kwangilar allurar rigakafi ta shekara-shekara a yankunansu, ko kuwa aikin zai ci gaba da zama a hannun ma'aikatan gwamnati kaɗai.