Back in Black, kundin waƙoƙin AC/DC

Back in Black kundin waƙoƙi ne na AC/DC, ƙungiyar makaɗan rok mai tsauri ta ƙasar Ostareliya. Ya fito ranar 25 ga Yuli, 1980, da waƙoƙi 10 masu tsawon kusan minti 42. Shi ne na bakwai cikin kundayen da ƙungiyar ta ɗauka a sutudiyo idan aka haɗa da waɗanda suka fito a Ostareliya kaɗai, kuma shi ne na farko da aka ji muryar Brian Johnson a cikinsa. Kundi ne na makokin Bon Scott, mawaƙin da Johnson ya gada, duk da cewa kiɗansa bai yi kama da na makoki ba.

Asali

'Yan'uwa biyu, Malcolm da Angus Young, su suka kafa AC/DC a birnin Sydney a 1973. An haife su a Glasgow da ke Scotland, iyayensu suka yi ƙaura da su zuwa Ostareliya a 1963. Bon Scott ya zama mawaƙin ƙungiyar a 1974, kuma da muryarsa aka san su har zuwa kundin Highway to Hell na 1979, wanda ya buɗe musu kasuwar Amurka.

Ana cikin shirin sabon kundi sai Scott ya mutu a Landan ranar 19 ga Fabrairu, 1980, yana da shekara 33. An bar shi yana barci cikin mota a unguwar East Dulwich bayan ya kwana yana shan giya, daga nan bai sake farkawa ba. Binciken hukuma ya ce giyar ce ta yi masa yawa. Abokan aikinsa sun yi tunanin watsewa, amma an ruwaito cewa iyalan Scott, musamman mahaifinsa, su suka ƙarfafa musu gwiwa a wajen jana'iza a Fremantle da ke Ostareliya cewa su ci gaba.

Johnson a lokacin yana yankin Newcastle a arewacin Ingila, yana sana'ar gyaran rufin motoci, tauraruwar tsohuwar ƙungiyarsa Geordie ta riga ta dushe. Scott da kansa ya taɓa ganinsa yana waƙa, ya kuma yaba shi a gaban 'yan'uwan Young. Aka kira shi gwaji a Landan, aka bayyana ɗaukarsa a farkon Afrilu.

Ɗaukar sauti

An yi aikin a sutudiyon Compass Point da ke Nassau, a tsibiran Bahamas, tsakanin Afrilu da Mayu, cikin kimanin mako 7. Robert John Lange, wanda aka fi sani da Mutt, shi ya jagoranci aikin kamar yadda ya yi a Highway to Hell, Tony Platt kuma ya riƙe na'urori. Angus na kan jitar gaba, Malcolm na kan jitar da ke riƙe kiɗa, Cliff Williams na kan jita mai kauri, Phil Rudd na kan ganguna.

Farkon aikin ya zo da tangarɗa. Kwastan sun riƙe musu kaya na 'yan kwanaki, ga guguwa da ruwa kamar da bakin ƙwarya, wutar lantarki tana ɗaukewa. Johnson ya ce tsawa da ruwan da yake gani a waje su ya zuba cikin baitocin farko na waƙar Hells Bells. Lange mutum ne da ba ya barin kuskure ya wuce. Yakan sa Johnson ya maimaita layi ɗaya sau da dama, har da inda zai ja numfashi, kuma wannan tsanani yana cikin dalilan da suka sa sautin kundin ya fito tas: kowace jita a gefenta, ganga a tsakiya, da ɗan shiru tsakanin bugu da bugu. An kammala haɗa sautin a sutudiyon Electric Lady da ke New York.

Ƙararrawa

Abin da mai sauraro ke fara ji ba jita ba ce, ƙararrawa ce mai nauyi tana bugawa a hankali. Ƙungiyar ta ba kamfanin John Taylor da ke garin Loughborough a Ingila aikin ƙera mata ƙararrawar tagulla mai nauyin kusan tan ɗaya. Da yake ba a gama ta da wuri ba, Platt ya gwada ɗaukar sautin wata da ke hasumiyar tunawa da mazan jiya a garin. Amma da an buga sai tsuntsayen da ke kwana a hasumiyar su tashi fir, ƙarar fukafukansu ta ɓata ɗaukar. Dole aka jira sabuwar, aka ɗauki sautinta a cikin maƙerar, sannan aka rage gudun faifan don amon ya ƙara zurfi. Da wannan ƙararrawa suka yi ta yawon wasanni bayan fitar kundin, Johnson yana bugunta a kan dandali.

Bango da waƙoƙi

Bangon baƙi ne wuluk, alamar zaman makokin Scott. Kamfanin Atlantic, wanda ya fitar da kundin, bai so haka ba da farko, daga baya ya yarda bisa sharaɗin a zagaye sunan ƙungiyar da siririn layi ruwan toka.

Waƙoƙin da suka fi shahara su ne Hells Bells, Shoot to Thrill, You Shook Me All Night Long da wadda kundin ya ci sunanta, wadda aka rubuta don girmama Scott. Ta ƙarshe, Rock and Roll Ain't Noise Pollution, an ce a gurguje aka tsara ta don cike gurbi na goma. Yawancin sauran suna magana ne kan shaye-shaye da mata, abin da ya jawo suka. A 1985 wata ƙungiyar iyaye a Amurka ta saka Let Me Put My Love into You cikin waƙoƙi 15 da ta ce sun fi rashin dacewa.

Karɓuwa

Kundin ya kai na 1 a jadawalin Birtaniya, na 4 a na Amurka. Ana ƙiyasin an sayar da kwafi kusan miliyan 50 a duniya, fiye da miliyan 25 daga ciki a Amurka, abin da ya sa shi cikin kundayen da aka fi saya a tarihi.

Taƙaddama

Wasu marubuta sun yi zargin cewa an yi amfani da baitocin da Scott ya bari ba tare da an ambaci sunansa ba. Ƙungiyar ta musanta, kuma sunayen Angus, Malcolm da Johnson ne ke kan waƙoƙin duka.