Waiwaye: Wa ke ƙulla wa wasan bidiyo wuya?

A wata fada ta unguwar Zariya, nan cikin Maradi, shayi na biyu bai sauka daga kan gawayi ba gardama ta kaure tsakanin ƙanena da abokinsa. Ƙanen nawa ya yi shelar ya gama wani wasan yaƙi da ya kwashe mako uku yana fama da shi. Abokin tambaya ɗaya ya yi: a wane mataki? Da ya ji an ce "fasil", wato mataki mai sauƙi, sai ya tuntsire da dariya, ya ce ai wannan ba gamawa ba ce, rakiya aka yi maka. Ƙanena ya juyo wurina. "Yaya, don Allah raba mu. Da kuɗina na sayi mega na sauke wasa, sai wani ne zai faɗa mini yadda zan ji daɗinsa?" Ban raba su ba, don ni ma na taɓa zama mai irin wannan dariyar.

Gardamar ta girme su su biyun, ta doshi shekara hamsin. In aka bi sawunta kuwa, ba ƙofar jarumtaka take kai mutum ba, ƙofar aljihu take kai shi. Kusan duk lokacin da wasannin bidiyo suka tsananta ko suka sassauta, za ka tarar hanyar karɓar kuɗi daga hannun ɗan wasa ce ta sauya.

A 1978 wani injiniya ɗan Japan, Tomohiro Nishikado na kamfanin Taito, ya fitar da Space Invaders. Halittu 55 ne, jeri biyar, suke gangarowa daga saman allo, kai kana ƙasa kana harbi. Ƙwaƙwalwar injin ba ta da ƙarfi, zana halittu 55 yana yi mata nauyi, shi ya sa da farko suke tafiya kamar ayarin raƙuma da kaya. Kana kashe su kaya na raguwa, sauran na ƙara sauri, har na ƙarshen ya koma kamar walƙiya. Nishikado ya lura da haka, bai gyara ba, ya bar shi a matsayin gishirin wasan.

Injinan wancan zamani a shaguna suke tsaye, sai ka jefa kwabo su tashi: yen 100 a Japan, santi 25 a Amurka. Lissafin mai shago a fili yake. Wanda ya daɗe yana wasa da kwabo ɗaya asara ce, wanda ya mutu tun bai gane kan wasan ba kuma ba zai dawo ba. Abin da ake nema shi ne ka mutu cikin ƴan mintoci, kana jin saura ƙiris, hannunka ya koma aljihu. A cikin akwatin injin akwai ƴan ƙananan maɓallai da mai mabuɗi kaɗai ke kaiwa gare su, da su yake ƙayyade rai nawa za a ba ɗan wasa, da makin da zai kai kafin a ƙara masa wani. Ke nan a shago, mai zaɓen matakin wahala ba ɗan wasa ba ne, mai karɓar kwabo ne.

A gida labarin ya ɗan bambanta. Na'urar Atari 2600 da ta fito a 1977 tana da maɓallai biyu na wahala, ɗaya na ɗan wasan hagu, ɗaya na na dama, kowanne da A da B. Uba na iya ɗora wa kansa mai wuya ya bar wa ɗansa mai sauƙi, su kara a wasa ɗaya. Wannan dabarar ta fi burge ni a duk tarihin, wataƙila don ta yi kama da abin da muka tashi muna yi ba tare da wani maɓalli ba: gwani ya ce na ba ka ci biyu, ko ya bar maka Barcelona shi ya ɗauki ƙungiyar da ko sunanta ba ka iya faɗa.

Sai dai wuyar shago ta bi wasanni har cikin ɗaki. Na'urar Famicom ta kamfanin Nintendo ta fito a 1983, kaset ɗinta kuwa ba ya ɗaukar abu mai yawa. Super Mario Bros. na 1985, da matakansa 32, bai wuce kilobayit 40 ba; hoton biki ɗaya da ake turawa ta WhatsApp ya fi shi nauyi. Ta yaya ɗan wasan da gwani zai ƙare kafin shayi ya dahu zai riƙe yaro wata uku? Sai a tsananta shi, a mayar da kai farko duk lokacin da rayukanka suka ƙare. Wani lokacin abin har ya fi ƙarfin masu shi. Na biyun Mario da ya fito a Japan a 1986, reshen Nintendo na Amurka ya ga ya yi tsauri, ya ƙi kai shi kasuwa, aka gyara wani wasa daban aka laƙaba masa sunan a 1988. Shi kuma Kazuhisa Hashimoto na Konami, da yake mayar da wasan Gradius zuwa na'urar gida a 1986, ya kasa wuce shi wajen gwaji, sai ya ɓoye wata hanya ta samun ƙarfi: sama sama, ƙasa ƙasa, hagu dama, hagu dama, B, A. Hanyar ta zauna a cikin wasan har ya shiga kasuwa. A wasan Contra ita ke ba da rai 30 maimakon 3.

Waɗannan wasannin ne suka iso mu, a makare, cikin na'urorin kwaikwayo masu araha da ke shigowa ta hanyar Kano da Jibiya, da kaset mai alƙawarin wasa dubu tara alhali ƴan ƙalilan ne ake ta maimaitawa. Ba ajiya, ba zaɓi. Ka hura kaset, ka danna, ka yi addu'a kada wuta ta ɗauke. Wanda ya san sirrin rai 30 a unguwarmu sarauta gare shi, kuma ban taɓa jin wanda ya ce masa rago ba. Cewa ake ya iya.

Haya ma ta yi nata tasirin. Louis Castle, na kamfanin Westwood da ya yi wasan The Lion King a 1994, ya bayyana daga baya cewa Disney ce ta nemi a tsananta farkon wasan, don kada yaro ya ɗauko haya ya gama shi cikin ƴan kwanaki bai saya ba. Yaran da suka yi ta kuka a mataki na biyu suna zargin yatsunsu, ashe lissafin ƴan kasuwa suke biya.

To ina kunyar "fasil" ta samo asali? Masu yin wasannin ne da kansu suka shuka ta. Da zaɓen mataki ya zama ruwan dare a farkon shekarun 1990, sai aka riƙa haɗa shi da zolaya. A Wolfenstein 3D na 1992, mataki mafi sauƙi an sa masa suna kamar yaro na roƙon babansa ya bar shi ya yi wasa, fuskar jarumin kuma aka sa mata hular jarirai da roba a baki. A Ninja Gaiden Black na 2005, in ka yarda a sassauta maka, matakin sunansa karen ninja. Ko wasan Cuphead da ya fito a 2017 ba ya barin wanda ya bi ta hanya mai sauƙi ya ga karon ƙarshe. Abokin ƙanena yana ganin dariyarsa tasa ce, bai san gado ya ci ba.

Mu a nan, zamanin na'urar PS2 ya zo da wani tsari nasa. Gidan gem, tele uku ko huɗu jere, benci, fanka ɗaya da ba ta isar kowa, ana biyan dala goma ko ashirin kowane wasa. Tsofaffin wasannin ƙwallo na PES da yawan alamar taurari suke auna wahalar kwamfuta, amma wa zai ba da kuɗin karin kumallonsa don ya kara da kwamfuta? Ƙa'ida ɗaya ce: wanda aka ci shi ke biya, ya kuma miƙa manet, wato abin riƙewa a buga wasan. Matakin wahalarka shi ne wanda ke zaune kusa da kai. Mataki na ƙoli kuwa yaron shago ne, mai shara da karɓar kuɗi, wanda ke kwana da na'urar bayan an rufe. Shi kaɗai ke da lokacin buga wa kwamfuta a taurari biyar, washegari ya sauke abin da ya koya a kanmu. Tambayar mai sauƙi ko mai wuya tambayar mai na'urar kansa ce, mai ɗaki da lokaci, shi ya sa ba ta shigo fadojinmu sosai ba sai da waya ta sa kowa ya zama mai na'ura.

A daidai wannan lokaci masu yin wasanni suka koyi ɓoye hannunsu. Resident Evil 4 na 2005 yana lura da kai a asirce: in kana yawan mutuwa abokan gaba su sassauta, in kana ragargazarsu su ƙara zafi, ba tare da an sanar da kai ba. A wasan tseren Mario Kart, wanda aka bari a baya ne ke samun makamai masu ƙarfi, don tsere ya riƙa zama kai da kai. Daga nan zargi ya samu gindin zama. Duk wanda ya taɓa shan ƙwallo a minti na 90 a wasan FIFA ya san maganar: da walakin, kwamfuta ta sayar da wasa. A Nuwamba 2020 wasu ƴan wasa suka kai kamfanin EA, mai yin wasan FIFA a lokacin, ƙara a Kalifoniya, suna zargin yana juya wahala a ɓoye don a sayi ƙarin ƴan ƙwallo. Kamfanin yana da rajistar wata fasaha irin wannan, amma ya ce bai taɓa sa ta a FIFA ba, kuma masu ƙarar sun janye a 2021 bayan an nuna musu bayanan aikin. A gidajen gem ɗinmu dai har yau ba a janye ba.

Yayin da yawancin kamfanoni ke sassautawa don jawo sababbin masu saye, sai wani kamfanin Japan, FromSoftware, ya juya baya. Demon's Souls a 2009, Dark Souls a 2011, ƙarƙashin jagorancin Hidetaka Miyazaki: ba zaɓen mataki, kowa hanya ɗaya, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Hujjar Miyazaki ita ce yana so duk wanda ya haye ya haye tudu ɗaya, don in sun haɗu su san abu ɗaya suke magana a kai. Wuya ta koma haja, ana tallanta ana saye. Da Sekiro ya fito a 2019 sai gardama ta ɓarke a duniya, domin masu lalurar hannu ko gani sun yi tambayar da ba ta da amsa mai sauƙi: tudun da ake cewa ɗaya ne, ɗaya ne ga mai yatsu goma da wanda hannunsa ke rawa? Wasu kamfanonin sun amsa da aiki. Celeste na 2018 ya bar ɗan wasa ya rage gudun wasan ko ya hana kansa mutuwa. The Last of Us Part II na 2020 ya zo da saituna sama da 60 na taimako. Wasan Hades kuma, in ka kunna taimakonsa, yana rage maka zafin duka da kashi 20 cikin ɗari, duk mutuwa ya ƙara kashi 2, har zuwa 80.

Hujjar Miyazaki ba baƙuwa ba ce ga mutumin Maradi. A kokowar takobi, gasar ƙasa ta Nijar, tun da ɗan kokowar Maradi Kantu ya ɗauko shi a Tawa a 1975, ba a raba ƴan kokowa da ma'aunin nauyi, kuma darajar takobin ke nan: wanda ya ɗaga shi ya kayar da duk wanda ƙuri'a ta kawo masa. Na yarda da wannan a fili, gaban makaɗa da ƴan kallo, inda nasarar wani faɗuwar wani ce. Amma tela da ya rufe shago ƙarfe goma na dare, yana da rabin awa kafin barci ya kwashe shi, in ya sa "fasil" don ya ga ƙarshen labari, takobin wa ya ƙwace? Abin da ya fi damuna ba shi ba ne, wahalar da ake ƙulla maka ba da saninka ba ce.

Don kwabon 1978 ya dawo, yanzu a cikin waya yake. Candy Crush Saga na 2012 rai biyar yake ba ka, in sun ƙare ka jira minti 30 kafin ɗaya ya dawo, ko ka biya. Maɓallan da mai shago ke kullewa a akwati sun koma kwamfutocin kamfani, inda ake ganin matakin da mutane ke maƙalewa, ana iya matsa shi ko sassauta shi daga nesa. A PUBG Mobile, da ya fito a 2018, sabon shiga yakan tarar da abokan gaba na bogi da kwamfuta ke tuƙawa, ya kashe su ya ji shi ma wani ne, kafin a tura shi cikin kuraye. Mu kuma muna da namu matakan da ba a rubuta su a ko'ina ba: rezo mai tsinkewa daidai lokacin harbi, waya mai ɗaukar zafi a watan Afrilu har ta gagari riƙewa, mega mai ƙarewa ana tsakar wasa. Yaron unguwar Bagalam da ke buga wasan Free Fire da tsohuwar waya mai fasasshen gilashi ya daɗe a mataki mai wuya, ba wanda ya tambaye shi.

Mako biyu bayan gardamar na sake bi ta fadar. Ƙanena ya koma wasan daga farko a "difisil", wato mataki mai wuya, ya maƙale a wata gada kwana huɗu. Da abokin ya soma murmushi, sai ya miƙa masa wayar ya ce bismillah, malam, nuna mana. Abokin ya karɓa, ya mutu sau shida a jere, ya duba saman allo ya ce cajin ya yi ƙasa, shi ya sa take nauyi. Cajin yana kan 71.