Ɗorawa: amfaninta da yadda ake shuka ta

Me ya sa ba a cika ganin ƙananan ɗorawa a gonakin Kaduna ba?

Daga Zariya zuwa Kachia, yawancin ɗorawar da ke tsaye tsofaffi ne da aka gada. Kalwar da ya kamata ta faɗi ta tsiro ana kwashe ta a yi daddawa, wadda ta tsira kuma awaki da gobarar daji da garma su gama da ita. Masu gawayi na sare manyan. In ba da hannu aka shuka ba, babu mai maye gurbinsu.

Ban da daddawa, me ake samu a jikinta?

Garin ɗorawa mai ruwan ɗorawa da zaƙi, ana dama shi a sha, kuma yana tare yunwa a farkon damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Kwasfar ana jiƙa ta a sami makuba, wadda ake yayyafawa a daɓe da bangon ƙasa don su yi ƙarfi. Masu maganin gargajiya na dafa sassaƙen don gudawa da wanke rauni. Sai dai a kula: sassaƙa a kewaye gindin gaba ɗaya kashe bishiyar yake yi, a tsaya ga gefe guda.

Yaya ake yin daddawa?

A dafa kalwa awa 12 zuwa 24 har ɓawon ya yi laushi, a surfa da toka ko yashi, a wanke a rairaye. A sake dafawa kamar awa 2, a tsane, a zuba da zafinta a kwando, a rufe da ganye da buhu kwana 2 zuwa 3. Ɗumi ne sirrin: in hunturu ya shiga ko aka riƙa buɗewa, ba ta nuna, in ruwa ya yi yawa, sai ta lalace.

Na shuka kalwa ba ta fito ba. Ina matsalar?

Ɓawonta ne mai tauri, ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi. A zaɓi kalwar da ba ta tsufa ba, a wanke garin tas, a zubar da mai ramin ƙwaro da wadda ta taso saman ruwa. Sannan a tafasa ruwa, a sauke daga wuta, a zuba kalwar a bar ta ta kwana. Kada a dafa ta a kan wuta, ƙwayar mutuwa take yi. Mai kalwa kaɗan ya fi kyau ya ɗan ƙwarzane gefen kowace da abin yanke farce, nesa da idonta, ya jiƙa a ruwan sanyi.

A cika leda da ƙasa kashi 2, yashi kashi 1, ruɓaɓɓen taki kashi 1, a huda ƙasanta. A binne ƙwaya biyu zurfin gaɓar yatsa, a ajiye a inuwa mara duhu. Cikin mako biyu za a ga tsiro. Saiwarta doguwa ce mai nutsawa, don haka a riƙa ɗaga ledar duk mako biyu, kada ta kama ƙasa ta tsinke ranar dashe.

Yaushe ake dasawa?

A yi renon a Fabrairu ko Maris, a dasa a Yuni ko Yuli da damina ta kankama. Rami rabin mita faɗi da zurfi, tazara aƙalla mita 10, domin inuwarta na rage amfanin dawa da masara. Shekaru ukun farko ne masu wuya: a kewaye ta da ƙaya, a share ciyawa kafin lokacin gobara, a ba ta ruwa a ranin farko.

Sai yaushe za ta yi 'ya'ya?

Kusan shekara 8 zuwa 10. Jemagu da ƙudan zuma ne ke yi wa furenta barbara, kada a kore su. In kauci ya bayyana a reshe, a yanke reshen tun bai bazu ba.