Wa zai gyara famfon? Abin da yaranmu ba su sani ba kafin su kai sha takwas

Aikina na asibiti ne. Ma'aikaciyar lafiya ce ni a wani ƙaramin asibitin mazaɓa, kuma duk damina mukan zaga makarantun sakandare mu yi wa yara bayani kan amai da gudawa: a wanke hannu da sabulu, a tafasa ruwan sha, a haɗa ruwan gishiri da sukari tun cutar ba ta kayar da mutum ba. A wata makaranta ina tsaka da wannan bayani sai wata yarinya 'yar aji biyar ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malama, da wane ruwan za mu wanke hannun? Famfon tuƙa-tuƙan unguwarmu tun kafin azumi ya lalace." Aji ya kwashe da dariya. Na ce to wa ya kamata ya gyara? Suka ce gwamnati. Na ce wace gwamnatin? Shiru. Da na tambayi sunan kansilan mazaɓar, yaro ɗaya ne ya sani, shi ma don layinsu ɗaya. Amma mai tsaron gidan Real Madrid, har rige-rigen faɗar sunansa suke yi.

Ban ga laifinsu ba. Ma'anar dimokuraɗiyya sun haddace ta don jarrabawa, sun kuma manta da ita a ƙofar aji. Siyasar da suke gani da idonsu daban ce: motar kamfen, hula da riga mai hoton ɗan takara, taliya da sabulu ranar zaɓe, da samarin da ake kira 'yan jagaliya a Kano, sara-suka a Bauchi, ƙalare a Gombe. Mu ne muke karɓar ragowar wannan siyasar. Na taɓa ɗinke wa wani yaro sara a kafaɗa daren wani taron jam'iyya, idonsa jajur saboda ƙwaya, ko gemu bai fara ba. Ina ɗinki ina tambayarsa ko yana da katin zaɓe. Ya ce shekarunsa ba su kai ba. Bai isa jefa ƙuri'a ba, amma ya isa a ba shi gora. Wanda ya ɗebo su a mota kuwa ko leƙowa bai yi ba, mahaifiyarsa ce ta zo da asuba da ɗan kuɗin magani ƙulle a gefen zani.

Shi ya sa nake cewa iyaye da malamai, kada mu jira sai yaro ya cika sha takwas. Ranar da hukumar zaɓe za ta yi masa rajista, wani ya riga ya gama koya masa abin da ƙuri'a take nufi. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Yaran da ke aji huɗu da biyar yau su ne za su cike layin ko su bar shi wayam.

Abin da za a koya musu ba mai wuya ba ne. Su fara sanin ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Nijeriya na da ƙananan hukumomi 774, kuma kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora musu kwashe shara, kula da kasuwanni da tashoshin mota da banɗakunan jama'a, da sa hannu a harkar firamare da kiwon lafiya. Yaron da ya san haka ba zai tsaya zagin Abuja a Facebook kan bolar da ta toshe kwatar layinsu ba.

Sai haƙƙoƙinsu, kuma a nan nake son a daɗe. Da yawa daga iyayenmu in sun ji "haƙƙin ɗan Adam" sai gabansu ya faɗi, su ce ga Turawa sun zo raba mu da 'ya'yanmu. To ga kaɗan daga abin da ake nufi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ya ƙi duba wanda aka kawo cikin halin gaggawa. Babi na huɗu na kundin tsarin mulki ya ce wanda aka kama a faɗa masa dalili cikin harshen da yake ji, yana da ikon yin shiru har ya ga lauya, kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu kusa. Doka ta hana a kama uba ko ƙani a madadin wanda ake nema. Wanne ne a ciki ya saɓa wa tarbiyya? Saurayin da ya san waɗannan, ya kuma san ana faɗarsu cikin ladabi ba da ɗaga murya ba, ya fi wanda bai sani ba tsira a hannun hukuma. A gaya masa kuma kundin nan dai, a sashe na 24, ya ɗora masa nauyi: ya mutunta haƙƙin wasu, ya amfani al'ummar da yake zaune cikinta.

Tambayar shugaba ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malamai sukan kawo labarin Sayyidina Umar da aka tsayar a bainar jama'a aka tambaye shi inda ya samo ƙarin yadin rigarsa, bai yi fushi ba, ya sa ɗansa Abdullahi ya yi bayani. A nan gida, Hajiya Gambo Sawaba tana 'yar shekara 17 ta shiga NEPU, jam'iyyar su Malam Aminu Kano da aka kafa a 1950, ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba, a lokacin da matan Arewa ko ƙuri'a ba su da ita. 'Yan matan ajin nan ba su taɓa jin haka ba. Ba su kuma san tun 2018 mai shekara 25 zai iya tsayawa takarar majalisar jiha ko ta wakilai ba.

Amma duk wannan in ya tsaya a allo ya zama wata haddar. A bar yara su zaɓi monitansu da ƙuri'ar takarda, a ƙirga a gabansu, wanda ya faɗi ya miƙa wa wanda ya ci hannu. A gida, uba ya saurari ra'ayin ɗansa kan ƙaramin abu ko da a ƙarshe nasa za a bi.

Maganar famfo kuwa, na ce su rubuta takarda da hannunsu. Muka je wurin mai unguwa da yara huɗu da malaminsu. Yarinyar nan ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Ranka ya daɗe, kuka muka kawo," muryarta na rawa. Ya sa hannu, ya haɗa mu da kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda yawancin mutanen unguwar ba su ma san yana zama ba. Daga nan sai kansila. Zuwan farko ba ya nan. Na biyu ya ce babu kuɗi, yaran suka tambaye shi yaushe za su dawo, ya yi dariya ya ba su rana. A na uku ne ya turo mai gyara, ashe robar ciki ce ta cinye da sanda ɗaya da ta karye.

Bayan wata biyu famfon ya sake tsayawa. Ban ma ji labari ba sai da yarinyar ta rako ƙanwarta rigakafi, ta ce sun riga sun kai takarda, wannan karon sun riƙe kwafi.