Mutuntar da ƙasashe a taswirorin zambo da zanen barkwanci na siyasa

Mutuntar da ƙasa shi ne a zana ƙasa guda da siffar mutum ɗaya, mai fuska da tufa da hali, ta yadda mai kallo zai gane ta ko ba a rubuta sunanta ba. Idan siffar dabba aka ba ta, masana adabi kan kira shi dabbantarwa. Salon ya yi tashe a jaridun Turai da Amurka daga ƙarni na 18 zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma ya fi ƙarfi a taswirar zambo, inda ake cusa jikin mutum ko dabba cikin iyakokin ƙasar.

Siffofin da aka saba da su

Manyan ƙasashe galibi suna da siffa fiye da ɗaya, kowace da aikinta. Akwai mace mai kwarjini da ke wakiltar martabar ƙasa: Britannia ta Birtaniya da hular kwano da garkuwa da mashi mai baki uku, wadda ta samo asali daga kuɗaɗen Rumawa ta kuma koma kan kuɗin Ingila a 1672, Marianne ta Faransa da jar hularta ta zamanin juyin juya hali, da Germania ta Jamus. Sannan akwai namiji da ke tsayawa a madadin talaka ko gwamnati. John Bull, ƙaton mutum mai tumbi da taurin kai, John Arbuthnot ne ya ƙirƙiro shi a 1712. Michel na Jamusawa da hular barci ake zana shi, alamar mutumin da bai farka ba. Zé Povinho na Fotugal, wanda Rafael Bordalo Pinheiro ya fito da shi a 1875, talaka ne da haraji ya danne. Kawu Sam na Amurka kuwa, doguwar hularsa da ɗan gemunsa sun zauna a idon duniya ne bayan fastar ɗaukar soja ta James Montgomery Flagg a 1917.

Rabon aikin yana da muhimmanci. Mai zane kan tanadi macen don lokacin makoki ko nasara, namijin kuma shi ake wa ba'a. Dabba ta fi fitowa idan ana maganar ƙarfi ko gaba: zakin Birtaniya, gaggafar Jamus, beyar ɗin Rasha.

Yadda ake gina taswirar

Aikin yana farawa da taswira ta gaskiya. Mai zane zai kwafi gaɓar teku yadda take, domin ita ce ke riƙe amanar mai kallo. Da zarar ta karkace da yawa, hoton ya tashi daga taswira. Daga nan sai ya nemi gaɓoɓin jiki a cikin ƙasar: zirin da ya kutsa cikin teku ya zama hannu ko ƙafa, tsibiri ya zama abin da ake riƙe ko ake harbawa, mashigin ruwa ya zama buɗaɗɗen baki. Italiya ba ta ba da wahala, tun da dama kamar dogon takalmi take. Ƙasashen da ba su da teku su ne ciwon kai, sai a dunƙule mutum a matse shi a ciki.

Bayan siffa sai alkibla, kuma a nan siyasar take. Wanda ƙasa ta fuskanta, wanda ta juya wa baya, inda gwiwarta ta sauka, su ne saƙon. A taswirar Paul Hadol ta 1870, Purusiya, wata masarautar Jamusawa, soja ne mai ƙiba da hula mai tsini, ya ɗora hannu kan Holan, ya danne Ostiriya da gwiwa.

A ƙarshen ƙarni na 19 akan buga irin waɗannan da dutse: kowane launi da nasa faifan dutsen, ana zana hoton a juye da alli mai maiƙo. Idan takarda ta goce ko kaɗan tsakanin bugu da bugu, launin wata ƙasa sai ya malala cikin maƙwabciyarta. Yawanci akan haɗa da ɗan bayani a gefe, ƙasa bayan ƙasa.

Misalai daga tarihi

A 1537 Johannes Putsch ya zana Turai a matsayin sarauniya, Sifaniya ce kai mai kambi, Italiya hannu, tsibirin Sisili kuma dunƙulen sarauta a tafinta. A 1583 Michael Aitzinger ya mayar da lardunan Holan da Beljiyam zaki. Waɗannan kirari ne. Zambo ya biyo baya.

Taswirar zambon da ta fi shahara ita ce ta Fred W. Rose ta 1877, shekarar da Rasha ta shiga yaƙi da Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Rose ya ajiye beyar, ya zana Rasha a matsayin oktofas, dabbar teku mai hannuwa takwas, tana miƙa su zuwa Turkiyya da Farisa da Folan da Finlan, Girka kuma ƙaguwa ce tana cizon Baturke. Zaɓin ya yi daidai da aikin taswira: beyar wuri ɗaya yake tsayawa, amma hannuwa takwas za su iya bin iyakoki da yawa a lokaci guda. Shi ya sa aka yi ta aron sa. A 1904, lokacin yaƙin Rasha da Japan, Kisaburo Ohara ya sake zana shi, ya miƙa hannu ɗaya har Manchuriya, a arewa maso gabashin Sin.

Wani zanen da jaridar Le Petit Journal ta Faransa ta buga a Janairun 1898 ya nuna Sin a matsayin kek a kan tebur. Sarauniya Victoria ta Birtaniya da Sarki Wilhelm na Biyu na Jamus suna harare-harare da wuƙaƙe a hannu, Sarki Nicholas na Biyu na Rasha yana duban rabonsa, Bajafane yana nazari, wani jami'in Sin a baya ya ɗaga hannuwa ba mai kula shi. Marianne ce kaɗai daga Turawan ba ta riƙe wuƙa ba, tana jingine kusa da sarkin Rasha, abokin ƙawancen Faransa. Bafaranshe ne ya yi zanen, kuma ya wanke hannun ƙasarsa.

Inda salon ke kuskure

Babban aibinsa shi ne mayar da miliyoyin mutane fuska ɗaya mai niyya ɗaya, laifin gwamnati ya hau kan al'umma. Jaridun Landan na ƙarni na 19 sun sha zana mutanen Ayalan da fuskar biri, kuma al'ummomin da aka mallaka akan nuna su kamar yara, ko a shafe su gaba ɗaya. A zanen mujallar Punch ta Landan na 1892, Cecil Rhodes, ɗan mulkin mallaka na Birtaniya, ya taka Afirka daga Alkahira zuwa Kef a ƙarshen kudancin nahiyar riƙe da wayar tangarahu, nahiyar kuma fili ce fetal babu ɗan Afirka ko ɗaya. Wannan ƙarya ce da aka sa wa rigar taswira.

Sai saurin tsufa. Ƙawance kan sauya: Rashar da Rose ya zana dodo a 1877 ta zama abokiyar yaƙin Birtaniya a taswirorin Landan na 1914. Don haka mai nazari kan fara tantance shekarar bugu da birnin da aka buga, kafin ya fassara fuskar kowace ƙasa.